Masu Auna Tukunyar Talaka a Washington

Duk Bahaushen da ya tashi da rediyo a kunne ya san sunan Washington tun kafin ya san inda take a taswira, albarkacin Sashen Hausa na Muryar Amurka. Ginin da muryar ta yi shekaru tana fitowa daga cikinsa yana kan titin Independence, taku kaɗan daga Majalisa. Ba gini ne mai ɗaukar ido ba, kuma sunan da ke jikinsa ba na ɗan jarida ba ne. Sunan Wilbur Cohen ne, ɗan wani mai kanti daga garin Milwaukee.

A 1934 Cohen ya gama karatun tattalin arziki a Jami'ar Wisconsin yana ɗan shekara 21, sai malaminsa Edwin Witte ya jawo shi Washington don ya riƙa taya shi tattara alƙaluma. Witte ke jagorantar ma'aikatan kwamitin da Shugaba Roosevelt ya kafa don tsara fanshon tsofaffi da tallafin waɗanda suka rasa aiki. An sa wa dokar hannu ranar 14 ga Agustan 1935, yaron kuwa ya zarce a aikin. Bayan shekara talatin yana cikin waɗanda suka ɗinka Medicare da Medicaid, wato inshorar lafiyar tsofaffi da ta talakawa, a 1968 kuma ya zama ministan lafiya da ilimi da jin daɗin jama'a. Shugabar wancan kwamiti, Frances Perkins, ta wata ƙofa ta shigo. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce da ta tsaya a bakin titi a New York a 1911 tana kallon 'yan mata masu ɗinki suna dirowa daga benen masana'antar Triangle da ta kama da wuta. Mutum 146 suka mutu. Ita ce mace ta farko da ta zama minista a Amurka, ta kuma riƙe ma'aikatar ƙwadago shekara goma sha biyu.

Dokar tasu ta bar 'yan ƙwadagon gona da 'yan aikin gida a waje, kuma a lokacin galibin baƙaƙen fata masu aiki cikin waɗannan sana'o'i biyu suke. Har yau masana tarihi na jayayya, wasu sun ce wahalar karɓar haraji daga gona zuwa gona ce ta jawo, wasu sun ce 'yan majalisar Kudu aka faranta wa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne babu mai tsinkar auduga ko mai wanke-wanke a teburin da aka yanke shawarar.

Wannan ne ya sa na sa ƙafa na bi sawun mutanen nan. A ƙasar da kusan mutum miliyan 42 ke sayen abinci da katin gwamnati, dole akwai wanda ya zauna ya yanke nawa ne zai ishi uwa mai 'ya'ya biyu a wata. Shugaban ƙasa ba ya wannan lissafi, sanata ma ba ya yi. To wane ne, ɗan gidan wa ne, kuma me ya karanta?

Wadda ta fi kowa tasiri a cikinsu ba ta taɓa riƙe babban muƙami ba. Mollie Orshansky an haife ta a New York a 1915, iyayenta Yahudawa ne da suka yi hijira daga Yukiren, 'yan mata shida a gidan, kuma talauci ba labari aka ba ta ba. Ta bi mahaifiyarta layin karɓar abincin agaji. Ta karanta lissafi da ƙididdiga a Kwalejin Hunter, ta yi shekaru a ma'aikatar gona tana nazarin abin da iyalai ke ci da abin da suke kashewa a kai, kafin ta koma hukumar fansho a 1958. A 1963 ta yi wani lissafi da ko ɗan sakandare zai iya bi. Ma'aikatar gona na da jerin abinci mafi araha da iyali zai ci bai galabaita ba. Wani binciken 1955 kuma ya nuna cewa iyali kan kashe kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa a kan abinci. Sai ta ɗauki kuɗin abincin ta ninka sau uku. Duk iyalin da abin da yake samu bai kai wannan ba, talaka ne. Ga gida mai mutum huɗu, abin ya kama dala 3,100 da 'yan kai a shekara.

Ta yi shi ne don nazarin halin yara, ba don ya zama doka ba. Sai ga Shugaba Johnson ya ayyana yaƙi da talauci a 1964, mayaƙansa na neman ma'auni ruwa a jallo, suka ɗauki nata a 1965, a 1969 kuma ya zama ma'aunin gwamnati. Yau ma shi ne, illa dai kowace shekara ana ƙara masa gwargwadon tsadar kaya, har ya haura dala 30,000. Matsalar ita ce duniyar da ta auna ta shuɗe. Abinci yanzu kusan kashi ɗaya cikin takwas ne kawai na abin da iyali ke kashewa. Haya da asibiti da kuɗin reno su ke cinye albashi. An fito da wani ma'auni na biyu a 2011 mai lura da waɗannan da kuma tallafin da mutum ke karɓa, amma tsohon ne dai har gobe ake kafa ƙa'idar shiga shirye-shirye da dama a kansa. Matar da ta san farashin wake da madara ta kafa turke, shekara sittin ke nan manyan farfesoshi na kewaya shi sun kasa tumɓukewa.

Ranar Juma'a mai masaukina, wani ɗan Zariya da ya daɗe a jihar Maryland, ya kai ni babban masallacin da ke titin Massachusetts, wanda aka buɗe a 1957. Da aka idar muka gangaro a ƙasa ta gaban ofisoshin jakadanci har muka wuce shataletalen Dupont. A nan titin ke sauya hali. Tutoci su ƙare, cibiyoyin nazari su fara. Ga Brookings, wadda tushenta ya koma 1916, ga AEI ta masu ra'ayin riƙau kusa da ita, kusan katanga ɗaya. Mutanen ciki kan ci abincin rana a shago ɗaya, da yamma kowa ya koma ya rubuta cewa ɗan'uwansa bai fahimci talauci ba. Akwai Urban da Johnson ya assasa a 1968, akwai Heritage kusa da Majalisa, akwai kuma CBPP, cibiyar nazarin kasafin kuɗi ta fuskar masu ƙaramin ƙarfi, a arewacin tashar jirgin Union.

'Yar mai masaukin nawa tana aiki a ɗaya daga cikin irin waɗannan cibiyoyi. A can aka haife ta, Hausarta na ɗingishi amma tana isa inda za ta. Ita ta zayyana mini matakalar. Ka gama digirin farko a tattalin arziki ko lissafi ko nazarin zamantakewa. Ka yi shekara biyu ko uku kana mataimakin mai bincike, kamar yaron tela da ke sa maɓalli kafin a bar shi ya taɓa almakashi: kai ne mai share alƙaluma, mai duba kowace lamba a rahoton maigidanka, sunanka kuwa sai a ƙasan shafi cikin godiya. Daga nan hanya ta rabu. Wasu su tafi digiri na biyu a harkar manufofin gwamnati, wasu lauya, 'yan kaɗan su shiga digirin digirgir na shekara biyar ko shida. Sai a dawo a shiga ofishin wani kwamitin Majalisa, ko ofishin kasafi na Fadar White House, ko wata ma'aikata. Idan jam'iyyarka ta faɗi zaɓe ka tattara takardunka ka koma cibiya ka jira. Idan ta dawo a kira ka.

Na tambaye ta abin da take yi daga safe zuwa yamma. Ta ce, “Baffa, tambaya ɗaya ce kullum. Idan aka canja wannan layi na doka, wa zai samu, wa zai rasa, kuma nawa?” Akwai bayanan dubban gidaje da hukumar ƙidaya ke tattarawa kowace shekara. Sai a zuba su a kwamfuta, a gaya mata sabuwar ƙa'ida, ta fitar da yawan yaran da za su haye ma'aunin Orshansky ko su faɗo ƙasansa, jiha-jiha. Babbar ranarsu tana cikin Satumba, ranar da hukumar ƙidaya ke sakin alƙaluman talauci na shekarar da ta gabata. Ranar ba mai zuwa cin abinci. Akwai kuma alƙalin da duk suke shakka, ofishin kasafi na Majalisa, CBO, wanda ya fara aiki a 1975 a ƙarƙashin Alice Rivlin. Duk kyan shawara, idan CBO ya ce za ta ci kuɗi fiye da yadda aka zata, ta mutu a kwamiti.

Matakalar tana da kuɗin shiga, ko da yake ba a rubuta shi a ƙofa ba. Matakin farko shi ne koyon aiki na 'yan watanni a birnin da hayar ɗaki ɗaya kan lashe rabin albashin sabon ma'aikaci, kuma an daɗe ana yin wannan koyo kyauta. Sai a 2019 Majalisa ta ware kuɗin biyan masu koyon aiki a ofisoshinta, Fadar White House kuwa sai a 2022. Kafin nan wanda ubansa zai iya riƙe shi wata uku a Washington shi ke samun wasiƙar shaida, wasiƙar ta kai shi mataki na gaba. Wani nazari da Robert Schultz da Anna Stansbury suka fitar a 2022 ya gano cewa cikin haifaffun Amurka masu digirin digirgir a tattalin arziki, kusan biyu cikin uku suna da uwa ko uba mai digiri na biyu ko sama da haka, kuma kashi 14 cikin ɗari ne kawai suka fito daga gidan da iyaye ba su yi digiri ba. Cikin manyan fannonin ilimi, nasu ne ya fi kowanne zama na 'ya'yan masu ilimi, kuma fannin ne ake tambaya idan za a yanke wa talaka rabo.

Launin fata ma tsohon zance ne. Sadie Alexander ce baƙar fata ta farko da ta sami digirin digirgir a tattalin arziki a Amurka, a Jami'ar Pennsylvania a 1921. Ba wanda ya ba ta aikin da ya dace da karatun, ta koma ta karanta lauya. Sai bayan shekara ɗari cif, a 2021, baƙar fata ta fara shugabantar majalisar masu ba shugaban ƙasa shawara kan tattalin arziki, wato Cecilia Rouse. A 2018 wasu 'yan mata biyu, Anna Gifty Opoku-Agyeman haifaffiyar Kumasi da Fanta Traore, suka kafa ƙungiya da sunan Sadie don jawo 'yan'uwansu mata baƙaƙe cikin fannin. 'Yar mai masaukina ta ce a taronsu ta fara ganin zaure cike da masu irin fuskarta suna maganar alƙaluma.

Duk da haka ba zan ce ɗan boko ɗan gata ba ya amfanar talaka ba, don tarihin katin abinci zai ƙaryata ni. A 1967 Sanata Robert Kennedy ya je yankin Delta na jihar Mississippi. Wata matashiyar lauya, Marian Wright, 'yar fasto daga South Carolina kuma baƙar mace ta farko da aka yarje wa aikin lauya a jihar, ita ta shiga da shi gidajen da yara ke kwana da yunwa. Shirin takardun abinci yana nan a lokacin, amma sai ka biya wani kaso da tsabar kuɗi kafin a ba ka takardun da suka fi kuɗinka daraja. Wanda ba shi da ko sisi, wato wanda aka yi shirin dominsa, shi ne ba ya samu. Mai taimaka wa Kennedy a tafiyar wani lauya ne ɗan Harvard, Peter Edelman. Shekara na zagayowa ya auri Marian, ita kuma a 1973 ta kafa asusun kare yara da ta shugabanta shekara da shekaru.

Sai da aka shekara goma kafin a cire wannan sharaɗi na biya, a dokar 1977. A Majalisar Dattawa George McGovern na Dimokurat da Bob Dole na Rifablikan suka haɗa kai. Dole ya sha ba da labarin yadda, yana lauyan ƙaramar hukuma a garinsu Russell na jihar Kansas, takardun tallafin da yake sa wa hannu duk wata har da na kakanninsa. A ma'aikatar gona kuwa akwai wani matashi, Robert Greenstein, shi ma ɗan Harvard, cikin masu tsara dokar. Da sabuwar ƙa'ida ta fara aiki a 1979 miliyoyin mutane suka shigo, musamman tsofaffi da mutanen karkara. Reagan na hawa mulki a 1981 da niyyar zaftare kasafin tallafi, Greenstein ya fita ya kafa CBPP da ma'aikata 'yan ƙalilan, ya riƙe ta har ƙarshen 2020. Makaminsa ɗaya ne: ya karanta kasafin kafin kowa, ya gano layin da zai cuci talaka a shafi na ɗari da wani abu, ya aika wa 'yan jarida da 'yan majalisa takarda gajera mai lambobin da ba a iya kushewa. Wadda ta gaje shi, Sharon Parrott, ta yi ta shiga da fita tsakanin cibiyar da ma'aikatar lafiya da ofishin kasafi. Wata tsohuwar ma'aikaciyarsa, Stacy Dean, ta koma ma'aikatar gona a 2021, kuma a hannunta aka sake lissafin jerin abinci mai araha, jikan wanda Orshansky ta yi aiki da shi. Tallafin ya ƙaru da kashi 21 cikin ɗari ba tare da an yi sabuwar dokar ƙari ba, don dokar gona ta 2018 ta riga ta ba da umarnin a sake lissafin, kuma ita ta san da wannan layi.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. A wurinmu mai ba da shawara kan zo da gwamna ya tafi da gwamna, wanda ya biyo baya ya fara daga farko da sabon suna. A can na ga mutanen da suka shafe shekara talatin a kan shiri ɗaya, sun san dalilin kowane waƙafi a cikinsa, sun san wanda ya sa shi da abin da aka ba shi a madadi. Ba su da farin jini, galibinsu ko maƙwabtansu ba su san aikinsu ba. Amma idan dare ya yi a ɗakin sasantawa, sanatoci sun gaji, wanda ya san dokar da ka shi ke riƙe da biro.

Sanin doka bai hana su rabuwa ba, kuma 1996 ce shekarar da har yau ba a gama yafe wa juna ba. Bill Clinton ya yi alkawarin kawo ƙarshen tsohon tsarin tallafin kuɗi ga iyaye mata marasa miji. Ya ɗauko farfesoshin Harvard biyu, David Ellwood da Mary Jo Bane, waɗanda suka yi suna wajen binciken tsawon zaman da mutane ke yi a kan tallafi. Ellwood ya ba da shawarar a ƙayyade wa'adi, amma da sharaɗin gwamnati ta samar da aiki da kuɗin reno ga wadda wa'adinta ya cika. 'Yan Rifablikan suka karɓe Majalisa a zaɓen 1994, suka ɗauki wa'adin, suka ajiye sharaɗin. Babban mai rubuta musu dokar, Ron Haskins, ba masanin tattalin arziki ba ne. Tsohon sojan kundumbala ne na ruwa da ya yi digirin digirgir kan yadda ƙwaƙwalwar yara ke girma, kuma ya yi imani cewa yaron da ya tashi yana ganin uwarsa na fita aiki ya fi wanda ya tashi yana ganin ana jiran takardar gwamnati. Clinton ya sa hannu ranar 22 ga Agustan 1996: shekara biyar iyaka a tsawon rai, dole a nemi aiki, kuɗin kuma a miƙa wa jihohi dunƙule. Mutum uku suka ajiye aiki don nuna ƙin yarda. Wendell Primus, masanin tattalin arziki daga Iowa da ya daɗe a kwamitin haraji na Majalisar Wakilai, shi ya fara, sai Bane da Peter Edelman, wanda shi da matarsa tsofaffin aminan gidan Clinton ne.

Wa ya yi gaskiya? A shekarun farko iyaye mata da yawa sun shiga aiki, talaucin yara ya ragu, ɓangaren Haskins suka ce ga shi nan. Ɗaya ɓangaren suka ce tattalin arziki ne ke bunƙasa a lokacin, ga kuma rangwamen haraji ga ma'aikata masu ƙaramin albashi, EITC, da aka faɗaɗa a 1993. Ni dai lamba ɗaya ce ta hana ni bin Haskins har ƙarshe. Dunƙulen kuɗin dala biliyan 16.5 ne a 1996, kuma haka yake har yau, ba a ƙara ko sisi ba duk da tsadar rayuwa. A wancan lokaci, cikin iyalai matalauta ɗari masu yara, 68 na samun tallafin kuɗi. Zuwa 2020 sun koma 21. Wanda ya iya aiki ya ci riba. Wadda ke ƙasan ƙasa, mai ciwo ko mai yaro naƙasasshe ko mazauniyar garin da ba aiki, ita aka bari. Waɗanda suka fito da labarinta fili ba daga Washington suka hango ta ba. Kathryn Edin ta kwashe iyalinta ta tare a Camden, ɗaya daga cikin garuruwa mafi talauci a ƙasar, kuma daga baya ita da Luke Shaefer suka rubuta littafi a 2015 kan gidajen da ke rayuwa a kan dala 2 ga kowane mutum a rana. Matthew Desmond, ɗan fasto da banki ya taɓa ƙwace gidan iyayensa, ya zauna a unguwar gidajen tirela a Milwaukee yana bin masu haya da ake kora.

Daga tsakiyar birni zuwa ƙetaren kogin Anacostia tashoshi kaɗan ne a koren layin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kana fitowa ka san ka sauya gari. A nan gundumomi na 7 da na 8 suke, galibin mazauna baƙaƙen fata ne, manyan kantunan abinci kuwa ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. A ɗakin taron wani coci na zauna kusa da wata dattijuwa mai aikin sa kai, tana taya mutane cike takardun haraji kyauta. Ta yi ritaya daga aikin tantance masu neman tallafi, kafin nan kuma ita kanta ta taɓa tsayawa a layin. EITC shiri ne da kowane ɓangare ke yabo, tun 1975 yake, yana mayar wa ma'aikaci mai yara dubban daloli sau ɗaya a shekara. Amma ɗaya cikin biyar na waɗanda suka cancanta ba sa karɓa. Ta nuna mini dalili a takarda. Doka na so a faɗi gidan da yaro ya zauna fiye da rabin shekara. Yaron da ya yi wata huɗu wurin uwa, wata biyar wurin kaka, sauran wurin gwaggo saboda an kore su daga haya, na wa ne? Ta ce wanda ya rubuta wannan tambaya a gida ɗaya ya girma, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu ɗakin sun taɓa zuwa da kansu. Johnnie Tillmon 'yar manomin haya ce daga Arkansas, ta yi aikin wanki da guga a Los Angeles har ciwo ya kayar da ita ta koma kan tallafi da 'ya'ya shida. A 1963 ta tara matan unguwarsu a Watts, daga baya ta shugabanci ƙungiyar masu karɓar tallafi ta ƙasa baki ɗaya, wadda wani tsohon farfesan kimiyyar sinadarai, George Wiley, ya kafa. Matan nan sun haddace littafin ƙa'idojin tallafi fiye da ma'aikatan da ke riƙe da shi, sun zauna gaban sanatoci sun yi musu gyara. Ƙungiyar ta rushe a 1975 don rashin kuɗi. Cibiyoyin titin Massachusetts kuwa gidauniyoyi na ɗaukar nauyinsu, suna nan. Yau 'yan kaɗan ne irin su Tillmon a cikin zauren, kamar Gwen Moore ta Wisconsin, wadda ta yi jami'a tana goyo tana karɓar tallafi kafin ta zama 'yar majalisa. Cibiyoyi sun fara gayyatar waɗanda suka ɗanɗana talauci su zauna a kwamitocin shawara, wasu har da biyan su. Dattijuwar ta taɓa zama a irin wannan. Ta ce an saurare ta da ladabi, amma daftarin an riga an gama shi kafin ta iso.

A 2021 duk ƙofofin nan suka haɗu a kan abu ɗaya. Rosa DeLauro, 'yar majalisa daga New Haven da mahaifiyarta ta yi aiki a masana'antar ɗinki, tun 2003 take gabatar da ƙudirin a faɗaɗa rangwamen haraji na yara ya kai ga iyalan da ba su da albashin da za a cire wa haraji. Masu bincike sun tara hujja, masu kwamfuta sun yi lissafi, masu rubuta doka sun ajiye daftari a aljihun tebur suna jiran rana. Annobar korona ta kawo ranar. Aka ba da dala 3,600 a shekara ga yaro ɗan ƙasa da shekara shida, 3,000 ga na sama da haka, rabi a biya wata-wata daga Yuli zuwa Disamba. A sabon ma'auni talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani. Lissafin su 'yar mai masaukina ya fito kusan daidai. Amma shekara ɗaya aka yi wa shirin, kuma da aka zo sabuntawa ƙuri'a ta gaza a Majalisar Dattawa, inda Sanata Joe Manchin na West Virginia ya tsaya kan cewa sai an haɗa shi da sharaɗin aiki, muhawarar 1996 ke nan ta dawo. A 2022 adadin ya koma kashi 12.4.

A Janairun 2024 wani ƙaramin gyara ya wuce Majalisar Wakilai da ƙuri'a 357 a kan 70, ya je Majalisar Dattawa ya maƙale a watan Agusta. Na tambayi yarinyar ko ba ta gaji ba. Ta ce maigidanta a ofis ya girme ta da shekara talatin kuma tun kafin a haife ta yake kan wannan rangwame. Ita yanzu takardun neman digiri na biyu take cikewa, tana lissafin bashin karatun da za ta ɗauka da albashin da ake biya a kwamitin Majalisa, don ta ga ko za su haɗu.